Bakuna Huɗu a Cikin Safa: Yadda Wani Mabushin Jaz Ya Zaɓi Bakin Tirampet

Ranar da wani mabushin tirampet ya zo wurina, bayan mun gaisa, abin da ya fara yi shi ne ya zazzage wata tsohuwar safa a kan tebur. Bakunan tirampet guda huɗu, wato ƙananan ƙarafan da ake cusa wa ƙaho a aza leɓe a busa, suka gangaro, uku daga ciki ko wata biyu ba su yi da saye ba. Na ɗaga kai na dubi leɓensa na sama. Akwai jan shati zagaye kamar an danna masa bakin kwalba, ta ciki kuma, inda leɓe ke gugar haƙori, ya ɗan tsage. Ya ce, "Malam, a cikin huɗun nan wanne ne na jaz?"

Saurayi ne da ya yi shekara 9 yana busa. Duk tsawon lokacin nan da baki ɗaya yake aiki, wanda ya tarar a cikin akwatin ƙahon ran da aka saya masa, wato Bach 7C, wanda kusan kowane mai koyo ke farawa da shi ko da irinsa. Yana busa a wata ƙungiya ta mutum biyar: shi, mai saksafon, mai piyano, mai bas da mai ganguna. Amonsa yana da kauri da ɗumi, kuma ya fi daɗi a tsakiyar ƙaho. Da haruffa ake kiran sautuka, kuma in ya hau sama yana kai G ta saman layukan takardar kiɗa ba tare da wahala ba, C ta sama kuwa sai ranar da leɓe ya tashi da ƙafar dama. Wannan bai taɓa damunsa ba, don a ƙaramar ƙungiya mutum shi ke zaɓar inda zai taka. In sama ta ƙi, sai ya zagaya ta ƙasa, ba wanda zai ce masa don me.

Matsalar ta fara ne da aka gayyace shi babbar ƙungiya, irin mai tirampet huɗu, tirambon huɗu da saksafon biyar, aka kuma ɗora shi kujerar farko, wato ta mai jan gaban masu tirampet, saboda mai ita ya tafi. Nan kiɗa ya canza, dole rawa ta canza. Mai kujerar farko ba shi da zaɓi. Abin da ke rubuce a takarda shi zai busa, a kan mutum goma sha wani abu da ke ƙara a lokaci guda, kuma takardar cike take da C da D da E na sama, awa biyu ko uku a dare. A gwajin farko, kafin a yi rabi leɓensa ya mutu. Wani abokin aikinsa ya ce masa ai laifin 7C ne, ya nemo bakin masu jan gaba. Ya nemo.

Kafin in ci gaba da labarinsa, sai an san me ke cikin wannan ɗan ƙarfen da bai kai tsawon tafin hannu ba, don duk rikicin a cikinsa yake.

Ba ƙahon ke yin sauti ba, leɓe ke yi. Iska ce ke wucewa tsakanin leɓɓa biyu ta sa su karkarwa, ƙahon kuma ya karɓi karkarwar ya daidaita ta ya ƙara mata ƙarfi. Wannan C ta sama da yaron ke nema, leɓe sai ya buɗe ya rufe kusan sau 932 a daƙiƙa ɗaya kafin ta fito. Bakin ƙaho shi ne ɗakin da wannan aiki ke gudana a ciki, kuma sassa huɗu ne ke da magana. Akwai zobe, inda leɓe ke zama: faɗin da'irarsa ta ciki shi ke yanke yawan naman leɓen da zai yi rawa, kaifin gefensa na ciki kuma shi ke sa farkon sauti ya fito tsaf ko ya fito a lulluɓe. Akwai ƙoƙo, ramin da ke bayan zoben. Mai zurfi yana ba da amo mai kauri da duhu, marar zurfi yana ba da mai haske da tsini, yana kuma tallafa wa sautukan sama. Daga gindin ƙoƙo sai maƙogwaro, ƙaramar ƙofar da iska ke bi. Daga nan sai ramin cikin wutsiya, wanda ke buɗewa a hankali har ya shiga bututun ƙaho. In ya matse, ƙaho yana tura iska baya, mabushi ya ji yana da abin jingina. In ya buɗe, amo ya yi faɗi amma ya ci iska.

Lambobin da ke jiki kuwa su suka fi rikita mutane. Vincent Bach, haifaffen Ostiriya a 1890, mabushi ne kuma ya karanci injiniyanci. Wani mai gyara ne ya ɓata masa bakin ƙahonsa a Amurka, neman madadi ya kai shi ga ƙera nasa, ya fara sana'ar a birnin New York a 1918. A tsarinsa, in lamba ta ƙaru zobe ya ragu. A littafin kamfanin, faɗin 1½C milimita 17.00 ne, 3C 16.30, 7C 16.20, 10½C kuma 15.90. Harafin kuma zurfin ƙoƙo yake nunawa, A mai zurfi, C matsakaici, E da F marasa zurfi. Renold Schilke na Shikago ya juya abin: a wurinsa babbar lamba ita ce babban zobe, kuma yana rubuta abu huɗu a jere. In ka ga 14A4a, 14 faɗi ne, babban A ƙoƙo ne marar zurfi, 4 siffar zobe ce, ƙaramin a kuma matsattsen ramin wutsiya. Yamaha ta bi irin wannan tsari, shi ya sa 11B4 ɗinta yake kusa da 7C. To kun ga, A a wurin wancan zurfi ne, a wurin wannan rashin zurfi. Sannan kamfanoni ba a wuri ɗaya suke aza ma'auni a jikin zoben ba, saboda haka milimita 16 na wannan ba lalle ya zauna a leɓe kamar 16 na wancan ba. Ni dai na daina yarda da lamba tun tuni, sai abin da leɓe ya shaida.

Bakin farko da saurayin ya saya, wanda ba zan faɗi na wane kamfani ba ne don ba laifin maƙerin ba ne, ya bambanta da tsohon nasa ta fuska huɗu a lokaci guda: zoben ya fi ƙanƙanta, ya fi faɗin mazauni, ƙoƙon kamar an ɗan dangwala yatsa a yumɓu, ramin wutsiya a matse. Kwana huɗu na farko ya ce ji ya yi kamar an buɗe masa ƙofa. E ta fito, F ta leƙo. Ya yi ta buga wa abokai waya.

Duk wanda ya daɗe a harkar ya san waɗannan kwanaki, kuma ya san ba a yanke hukunci a cikinsu. Tsokar fuska tana nan da horon tsohon baki, sai ta samu tallafin sabo a kai, abu biyu suka haɗu na ɗan lokaci. Bayan mako ɗaya ko biyu tsohon horo ya fara kwancewa, sabon bai kafu ba, a nan ne gaskiya ke fitowa. Shi a mako na biyu sautukansa na ƙasa suka koma rabi iska rabi amo. A tsakiyar dare leɓe ya kumbura, ya cika ɗan ƙoƙon, ya taɓo gindinsa, sauti ya ɗauke ɗif a tsakiyar jimla kamar an kashe rediyo. Da hakan ta faru sai ya yi abin da jiki ke yi ba tare da shawara ba, ya ja ƙahon ya danna a leɓe da ƙarfin hannun hagu. Dannawa na fitar da sauti na minti goma, tana kuma tare jini, leɓe ya ƙara kumbura, a ƙara dannawa.

Abin da ya fi ƙona masa rai ma ba wannan ba ne. Ranar da ya koma ƙaramar ƙungiyarsa, aka shiga wata waƙa mai tafiya a hankali, ya ɗaga ƙaho zai yi solo, wato busar da mutum ɗaya ke yi sauran suna mara masa baya, sai ya ji wata siririyar murya mai tsini tana fita, ba tasa ba. Mai piyano ya waigo ya dube shi. An je neman ƙiba an samo rama. Washegari ya sayi na biyu, mai zurfi sosai, don ya dawo da amonsa. Wannan ya dawo da kauri amma ya kwashe saman gaba ɗaya. Sai na uku, wai tsaka-tsaki. Ya koma yana sauya baki sau biyu ko uku a dare ɗaya, kowanne da irin zobensa, har leɓen ya rasa inda gidansa yake.

Tambayarsa ta farko na fara amsawa, cewa babu wani abu wai shi bakin jaz. A cikin manyan mabusan jaz, Miles Davis ya yi shekaru da baki samfurin Heim, mai zurfin ƙoƙo da siffar mazurari, yana yawan toshe ƙahon da marufin rage amo na Harmon da aka cire wa sanda, yana busa kusa da makirufo kamar mai raɗa. Maynard Ferguson kuwa da ƙananan bakuna marasa zurfi ya yi suna, yana hawa inda yawancin mutane ba sa ko mafarki. Dizzy Gillespie ya daɗe da na Al Cass, Wynton Marsalis da kayan David Monette masu nauyi. Duk jaz suke yi, kuma da za a musanya musu kaya da an ga abin mamaki. Bobby Shew, wanda ya yi aikin kujerar farko ya kuma yi na solo, da ya zauna da Yamaha bakuna biyu suka fitar da sunansa, ɗaya na jan gaba ɗaya na jaz. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa aiki biyu ne ake kira da suna ɗaya.

Sai na tambaye shi, in ya rufe ido, amon wa yake ji a kansa? Bai yi jinkiri ba, ya lissafo mutum uku, dukkansu masu amo mai duhu ne da ke zaune a tsakiyar ƙaho. Babu mai jan gaba ko ɗaya a cikinsu. Na riƙe wannan a raina ban ce komai ba tukuna.

Mataki na farko bai yi masa daɗi ba. Na ce ya ajiye ƙaho kwana uku har tsagar ta rufe, ya nemi a riƙe masa kujera na mako biyu. Ya fara gardama, sai na tuna masa da shahararren mabushin nan Freddie Hubbard, wanda leɓensa na sama ya fashe a 1992, ya ci gaba da busa a kai, ciwon ya harbu, kuma har ya rasu a 2008 bai dawo da cikakken ƙarfinsa na da ba. Louis Armstrong ma tun shekarun 1930 yake fama da leɓe saboda yawan hawa sama da dannawa. In ƙaho ya lotsa akwai mai gyara. Leɓe kuwa in tabo ya zauna a inda yake karkarwa, magana ta zama babba.

Bayan hutun na mayar da shi kan 7C na kwana goma, dogayen sautuka a hankali, da hawa da sauka ba tare da taɓa maɓalli ba, yana hutawa gwargwadon yadda ya busa. Ba don 7C ne amsa ba. Don dai a samu wurin tsayawa ne da za a auna sauran da shi. A nan muka ci karo da wani abin dariya. Na ɗaga tsohon bakin na duba ta hasken taga, sai na ga ramin ba zagaye yake ba. Datti ne ya daskare a maƙogwaro. Faɗin maƙogwaron Bach na yau da kullum milimita 3.66 ne, abin da maƙera ke kira lamba 27. In aka buɗe shi zuwa lamba 26, ƙarin bai kai kashi ɗaya cikin goma na milimita ba, amma filin da iska ke bi a ƙofar ya ƙaru da kusan kashi 4 cikin ɗari, kuma mabushi yana jin bambancin. To ina ga dattin shekara da shekaru? Ruwan ɗumi da sabulu da ɗan buroshi suka dawo masa da wani abu daga cikin abin da ya fita saye. Ya ce dama yana tunanin ya kai a faɗaɗa masa ramin. Na ce ya bari, ƙarfen da aka huda ba ya komawa.

Daga nan muka shiga gwaji, da sharaɗi ɗaya: abu guda ake canzawa, a bar sauran yadda suke. Zobe muka fara nema, domin shi ne abin da nama ke taɓawa, kuma shi ne mafi wuyar sabo. Leɓɓansa masu kauri ne, kuma in yana busa suna shiga cikin ƙoƙo sosai. Na lura ko a kan 7C gefen ciki yana ɗan cizonsa in ya gaji. Na aro zobba uku masu kusan faɗi ɗaya, na sa ya rufe ido, ina miƙa masa ƙaho ba tare da ya san wanne na sa ba. Na ajiye waya tana ɗaukar sauti a can ƙarshen ɗakin, ba kusa da shi ba, saboda abin da mabushi ke ji a bayan ƙaho daban yake da abin da ke isa kunnen mai sauraro. Sau da yawa bakin da ya fi cika kunnen mai busa shi ne wanda ba ya tafiya nesa. Abin da yake busawa kuma iri ɗaya ne kowane zagaye: sauti mafi ƙasa a hankali kamar raɗa, jimla mai sauri da harshe, layuka takwas na waƙa mai sanyi, sannan wani yanki daga takardar kujerar farko. Saman muka bari a ƙarshe da gangan. Kowa in aka ba shi sabon baki sama yake fara nufa, alhali kashi mafi yawa na aikin dare a tsakiya ake yinsa.

Sau uku a ranaku daban-daban ya zaɓi zobe ɗaya ido rufe, mai faɗi irin na 3C, gefensa na ciki a ɗan lanƙwashe. Ya fi tsohon nasa buɗewa kaɗan, wato akasin abin da aka ba shi shawara. Ƙaramin zobe yana taimakon mutane da yawa a sama, wannan gaskiya ne, amma shi matse masa leɓe yake yi ya hana shi rawa.

Da zobe ya zauna sai ƙoƙo. A nan akwai tarko: bakuna biyu masu lamba ɗaya da harafi daban ba lalle zobensu ya zama daidai wa daida ba, kamar yadda ƙoƙon 3C ya ɗan fi na 7C rashin zurfi duk da cewa C ne a jikin kowanne. Saboda haka na ba shi shawarar irin bakin da ake kwancewa, wanda zobe ke ɗaurewa da zare a kan ƙoƙo. Akwai kuma tsari irin na kamfanin Warburton, inda kai da wutsiya suke rabe, mutum ya haɗa yadda yake so. Da zobe ɗaya ya gwada ƙoƙo uku. Mafi rashin zurfin ya sake kashe masa sauti bayan minti ashirin, leɓe ya taɓo gindi. Wanda ya ɗan fi C rashin zurfi da mataki ɗaya, da ramin wutsiya mai ɗan matsi, ya ba shi haske da abin jingina ba tare da ya shaƙe shi ba. Matsakaicin kuma shi ne muryarsa ta asali, har ta fi ta da buɗewa.

Saura ƙiris mu yar da ƙoƙon jan gaban saboda wani dalili da ba nasa ba. Sautuka suna zamewa a kansa, ba sa zama daram a mazauninsu. Sai na tuna da tazarar da ke tsakanin ƙarshen wutsiya da farkon bututun ƙaho a can ciki, wadda yawanci ba ta wuce kusan milimita 3 ba. Na yago 'yar takarda na naɗe wutsiyar zagaye ɗaya don kada ta shige can ciki sosai, ya busa, sai sautukan suka tsaya. Wutsiyar ce ta yi wa ƙahonsa siranta. Kamfanoni irin na Bob Reeves har hannun riga na ƙarfe suke yi masu girma daban-daban don wannan kawai. Muka sauya wutsiya, magana ta ƙare.

Batun azurfa da zinare bai ɗauke mu minti biyu ba. Jikin bakin tagulla ne, rufi ne kawai ake yi masa. Zinare ya fi santsi a leɓe, azurfa ta fi kamawa, shi kuma ya saba da azurfa. Abin da na ja masa kunne a kai shi ne in rufin ya goge har tagulla ta fito, ya daina sa shi a leɓe sai an sake rufe shi.

Na ce ya yi wata guda cur da waɗannan ƙoƙuna biyu, kada ya taɓa wani, ko da mako na biyu ya yi masa ɗaci. Ya yi ɗacin kuwa. Ya kira ni ran kwana na goma sha ɗaya yana cewa komai ya rushe, na ce ya rage ƙarfi ya ƙara hutu, ya sake kira bayan sati. Bai kira ba, sai na san abin ya daidaita.

Sakamakon dai ba irin wanda ya zo nema ba ne. D ta sama ta zama tasa, yana samunta har a ƙarshen dare. E tana zuwa in bai gaji ba. F ba ta dawo ba, wadda ya gani a kwana huɗun nan na farko ta aro ce. Jan shatin ya ɓace, kuma ya daina dawowa gida da leɓe kamar an yi masa allurar kashe zafi. Amma takardar kujerar farko tana neman abin da ya fi haka, kuma wannan aikin iska ne da harshe da shekaru, ƙarfe ba ya sayar da shi. A nan ne na dawo masa da amsar da ya ba ni ran farko, sunayen nan uku da ya lissafo. A babbar ƙungiya, bisa al'ada, mai kujera ta biyu ne ake yawan ba wa solo. Na ce ya yi tunani.

Ya ɗauki kusan wata biyu yana juya maganar, don kujerar farko tana da daɗin suna. Daga baya da kansa ya je ya samu shugaban ƙungiyar, aka yi musanya da wata mabushiya da ke kujera ta uku, wadda sama ke zo mata ba tare da ta ɗaure fuska ba, shi ya koma ta biyu, na biyun ya matsa ta uku. Yanzu yana fita da zobe ɗaya da ƙoƙo biyu a cikin 'yar jaka. In dare na babbar ƙungiya ne ya ɗaura marar zurfin, in na mutum biyar ne ya ɗaura matsakaicin. Biyu daga cikin bakunan safar ya sayar da su. Marar zurfin nan na farko, wanda ya tsaga masa leɓe, ita sabuwar mai kujerar farkon ta gwada shi a wurin gwaji, ta busa layuka kaɗan, ta juya shi a hannu ta duba lambar, ta tambaye shi nawa zai bar mata.